Dutsen sikeli ne ko nauyin taru? Yadda ake gane aikin tsohon ƙarfen da aka tsinta

Masu haƙar tushen gini a tsofaffin unguwannin Garwa, musamman ta wajen bakin Binuwai inda tsohuwar tashar jiragen ruwa take, sukan ci karo da dunƙulen ƙarfe mai nauyi, wani da zobe a ka, wani da rami a gindi, wani da lambobin da tsatsa ta cinye rabinsu. Haka abin yake a Marwa da Kusiri da tsohon cikin garin Injamena. Yawancinsu a hannun 'yan gwangwan suke ƙarewa. Kaɗan ne ke faɗawa hannun masu sha'awar tara kayan da, su kuma tambayarsu ɗaya ce: wannan abin, me aka yi da shi?

Siffa takan yaudari ido. Abin da ba ya ƙarya shi ne nauyin abin a kan sikeli mai kyau, sai kuma abin da ke gindinsa. Saboda haka awo ake fara yi, wanki ya zo daga ƙarshe, in ma ya zama dole.

Amma kafin awon, a tabbata abin ba na kashe mutum ba ne. Wannan ƙasa ta ga yaƙi. An yi artabu a Kusiri a 1900, sojojin Ingila da Faransa sun ƙwace Garwa daga hannun Jamus a 1915, sojojin Jamus da ke dutsen Mora ba su miƙa wuya ba sai a Fabrairun 1916, ga kuma faɗan da aka yi a cikin Injamena a 1979 da 1980. Kan harsashin igwa da tagulla ake yin sa, yana da tsini, yana da zobe mai jerin lambobi a kewaye, kuma da yawa sun ɗauke shi a matsayin dutsen awo. In ka ga ƙarfe mai tsini a gaba, ko mai ɗamarar jan ƙarfe kusa da gindi, ko mai fukafukai a wutsiya, ko mai zaren dunƙulewa da ke nuna an kwance shi daga jikin wani abu, kada ka ƙwanƙwasa, kada ka sa a wuta, kada ka kai gida. Ka bar shi inda yake, ka hana yara zuwa wurin, ka sanar da mai unguwa ko jandarma. Dutsen sikeli na gaskiya gindinsa a shafe yake, don a zaune aka yi shi ya yi aiki.

In an wuce wannan, a kakkaɓe ƙasar jikinsa da busasshen burushin haƙori, a ɗora a sikeli. Ga abin da bai kai giram 200 ba, sikelin masu sayar da zinariya ake bukata, wanda ke nuna har 0.01. Daga nan zuwa kilo 5, sikelin kicin mai batir ya wadatar. Shi kansa sikelin sai an gwada shi: a ɗora kofi, a mayar da lamba sifiri, a zuba ruwa mililita 20 da sirinji, ya kamata ya nuna giram 20. A auna abin sau uku, ana ɗagawa ana mayarwa a tsakiyar faranti, a rubuta. Sikelin ratayawa mai naɗaɗɗiyar waya a ciki, irin wanda ake rataya kaji da shi, ba ya wannan aiki, kuskurensa ya fi bambancin da ake nema girma.

Lambar da ta fito ita ce za ta faɗi dangin abin. Dangi biyu ne suka fi yawo a nan, na kilo da na laba, kuma tarihin kasuwancin yankin ne ya kawo su. Jamus ta riƙe Kamaru daga 1884 zuwa 1916, kodayake arewacin ƙasar bai shiga hannunta ba sai wajen 1901 da 1902. Faransa ta gaje ta, ita ce kuma ta riƙe Cadi. Su biyun da kilo suke awo. Kamfanonin Ingila kuwa, da ke hawo Binuwai da damina ta Yola, da laba suke awo, kuma Najeriya ba ta koma kilo ba sai cikin shekarun 1970, don haka duwatsun laba sun yi ta tsallako iyaka ta Mubi da Banki da Gamboru a cikin kayan fatake.

Dangin kilo ba wuya: giram 50, 100, 200, 500, kilo 1, 2, 5, 10, 20. Dangin laba ne ke rikita mutane, domin a sikelin giram lambobinsa ba su da kan gado. Oza ɗaya giram 28.35 ce, oza 4 ta ba da 113.4, oza 8 ta ba da 226.8, laba ɗaya 453.6, laba 2 kuma 907. Daga nan sai laba 4 (kilo 1.81), laba 7 (kilo 3.18), laba 14 (kilo 6.35), laba 28 (kilo 12.7), da laba 56 (kilo 25.4). Duk wanda ya auna ƙarfe ya ga kilo 3.18 ko 6.35 ya gama bincike, na Ingila ne, don babu wani tsarin awo a nan da ke tsalle daga 4 zuwa 7. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga 450 da ɗoriya a ce rabin kilo ne da ya cinye. Tsakanin 500 da 454 akwai giram 46, kusan kashi tara cikin ɗari. Gogayyar hannu da faranti ba ta cin wannan. Ragin kashi ɗaya ko biyu tsufa ne. In ya wuce haka, ko dai wani dangi ne, ko kuma wani abu ya fita daga jikinsa.

Abin da ke fita kuwa dalma ce, shi ya sa ake juya gindi. Ƙarfen zubi ba ya fitowa daga maƙera da nauyi daidai, don haka ake zuba shi da ɗan rami a ƙasa, a bar shi bai cika ba, sannan a narka dalma a zuba har awo ya yi daidai. A kan wannan dalmar jami'in duba ma'auni ke buga hatiminsa, saboda tana da laushi, kuma duk wanda ya taɓa ta sai ya ɓata hatimin. Ramin da babu komai a ciki yana nufin dalmar ta faɗi ko an ƙwaƙule ta, kuma shi ne bayanin dutsen kilo ɗaya da ke nuna 960 ko 970. Ramin da aka cika har ya tumbatsa, da sabuwar dalma marar hatimi, dutsen kuma ya haura lambarsa, wannan aikin mai saye ne da ke son buhun gyaɗa ya yi masa nauyi fiye da kuɗin da zai biya. Wanda aka huda aka rage, na mai sayarwa ne. Masu tauye mudu sun bar shaidarsu a ƙarfe, kuma irin wannan dutsen, a ganina, ya fi lafiyayyen daɗin ajiyewa.

Hatimin ba ya karantuwa da hasken rana a tsaye. A shiga ɗaki mai duhu, a kwantar da tocilan a gefe yadda hasken zai shafi fuskar ƙarfen, sai inuwa ta fito da rubutun. In bai fito ba, a shafa garin alli a goge sama-sama. Na Ingila kambin sarauta ne da haruffa biyu da lamba: VR na zamanin Sarauniya Biktoriya ne, wato kafin 1901, ER na Edward daga 1901 zuwa 1910, GR na sarakunan nan biyu masu suna George har zuwa 1952. Lambar ta ofishin da ya duba ce, ba shekara ba, kuma nan ne mutane ke ganin 188 ko 190 su ƙara mata lamba ɗaya su ce sun sami shekara. Na Jamus haruffan DR ne a cikin wani lanƙwasasshen ƙyalle, da lamba sama da ƙasa. Na Faransa shi ya fi yawa a nan, ya kuma fi sauƙin ganewa: ƙarfen zubi mai kusurwa shida, gindi ya fi sama faɗi, zobe a ka yana kwanciya cikin gurbinsa, rubutu kuma irin su 1 KILOG ko 5 HECTOG, wato giram 500. A dalmarsa akan ga hannaye biyu suna musabaha, sai tarin haruffa ɗai-ɗai da aka buga a kan juna, kowane harafi zagayen duba ɗaya. Haruffan suna maimaituwa bayan wasu shekaru, don haka harafi ɗaya bai isa ya ba da shekara ba, amma yawansu yana nuna daɗewar dutsen a bakin aiki. Manyan na kilo 20 da 50 kusurwa huɗu gare su.

Yanzu ga wurin da ya fi kayar da mutane. Wani ƙarfen faifai ne mai kauri, da tsaga daga baki zuwa tsakiya, an rubuta masa 50 kg ko 100 lb (wato laba 100), amma yaro ma zai ɗaga shi da hannu ɗaya. Ba jabu ba ne. Na sikelin buhu ne, baskil, irin wanda aka yi ta awon gyaɗa da auduga da fata da shi. A cikin irin wannan sikeli akwai sanduna da ke rage nauyin kaya kafin ya iso hannun awo, yawanci sau ɗari. Tsagar ta zura shi ce a jikin sandar da ke reto a ƙarshen hannun. Lambar da ke jikinsa ta kayan da yake tsayarwa ce, ba tasa ba. A raba abin da aka rubuta da abin da sikeli ya nuna: in an rubuta 50 kg ya auna giram 500, rabon ɗaya ne bisa ɗari. In an rubuta 100 lb ya auna giram 453 ko 454, haka nan. Akwai kuma baskil na katako mai rabon ɗaya bisa goma, wanda ake ɗora masa duwatsu na yau da kullum a ƙaramin faranti, kilo 5 ya tsayar da buhun kilo 50. Auduga ce ta baza waɗannan sikeli cikin ƙauyuka, tun daga kamfanin Cotonfran a Cadi a ƙarshen shekarun 1920, zuwa Cotontchad da ya gaje shi a 1971 da Sodecoton da aka kafa a 1974 da hedikwata a Garwa. Sunayen da akan gani a jikin sikelin su ne Testut da Trayvou na Faransa, Avery na Ingila, Fairbanks na Amurka.

Idan kuma nauyin bai faɗa cikin kowane dangi ba, misali kilo 1.25 ko giram 830, abin kuma yana da ƙugiya ko ido a sama, gindinsa a dunƙule ba ya zama, to a yi zargin sikelin sanda ne, mai ƙugiyar rataya nama ko buhu a gefe ɗaya da nauyi guda da ake ja a kan doguwar sanda mai tsage-tsage. Wannan nauyin ba ya bukatar cikakkiyar lamba, don da sandarsa aka yanka shi. Lissafin kuwa shi ne: nauyinsa sau tazarar da ke tsakanin tsagar kilo da ta kusa da ita daidai yake da kilo ɗaya sau tazarar da ke tsakanin maratayi da ƙugiyar kaya. In gajeren hannun santimita 5 ne, nauyin kuma kilo 1.25, tsagogin kilo za su kasance santimita 4 tsakaninsu. Wanda ya tsinci sanda da nauyi a wuri ɗaya yana iya gwada wannan da abin awon tela ya san ko tare aka yi su. A duba cikin idon ma: na sikelin sanda yakan cinye ta sama, inda ya yi shekaru yana gogar ƙarfe.

Sanin irin ƙarfen yana taimakawa, launi kuwa ba abin dogaro ba ne bayan shekaru a ƙasa. Maganaɗisu zai raba baƙin ƙarfe da sauran. Ragowar aikin na ruwa ne. A ɗora roba da ruwa a sikeli, a mayar da lamba sifiri, a ɗaure abin da zare siriri, a saukar da shi har ruwa ya rufe shi ba tare da ya taɓa ƙasa ko gefe ba. Lambar da ta fito ita ce girmansa. A raba nauyinsa da ita. Ƙarfen zubi yana ba da 7.2 ko kusa, ƙarfen ƙira 7.8, tagulla 8.4 zuwa 8.8, jan ƙarfe 8.9, dalma 11.3, dutse 2.6 zuwa 3. Abu mai giram 500 a cikin ruwa zai nuna 69 in ƙarfen zubi ne, 59 in tagulla ce, 44 in dalma ce. Abubuwa uku ke ɓata wannan gwajin: abin ya taɓa ƙasan roba, sai sikeli ya nuna nauyinsa duka, iska ta maƙale a ramin gindi, sai girman ya ƙaru, don haka a karkata shi ta fita, ko kuma abin da kansa holoƙo ne. Wasu duwatsun tagulla masu ɗan kai a sama kan nasu kwancewa yake, a ciki akwai 'yan ƙwayoyin dalma na daidaita awo. A girgiza kusa da kunne. Abin yumɓu kuwa kada a tsoma shi sam, yana shan ruwa, kuma in gishirin ƙasa ya shige shi zai iya marmashewa sa'ad da yake bushewa.

Ƙananan duwatsu sun fi wuya. Hatsi a wannan yanki da koro da tasa ake awonsa, ba da sikeli ba, don haka kafin zuwan kamfanoni abin da ake sa wa a ma'auni kaya ne masu tsada: zinariya, azurfa, turare, magani. Miskalin shari'a giram 4.25 ne, amma na kasuwannin ƙasashen Sudan yakan ɗan haura haka, kuma gari da gari sun bambanta. Liyari, kuɗin azurfa mai hoton Mariya Tereza da ke ɗauke da shekarar 1780 ko da yaushe aka buga shi, giram 28.07 ne, kuma saboda nauyinsa ba ya canzawa maƙeran azurfa sun yi awo da shi. Tola ta masu turare 11.66 ce, ozar zinariya kuma 31.1. Tsakanin liyari da ozar Ingila 0.28 ne kacal, abin da tsufa kaɗai ke iya sharewa. Ga kuma tarko: duk wani guntun tagulla in ka yi ta raba nauyinsa da miskali, da tola, da oza, dole ɗaya ta yi kusa. Dutse ɗaya marar alama ba hujja ba ne. Hujja ita ce a sami biyu ko uku a wuri ɗaya suna ninka juna, ko a ga ɗige-ɗigen da aka buga masa sun dace da lissafin, ɗigo biyu miskali biyu, ɗigo biyar miskali biyar. Alamar zarto a gindi ita ma shaida ce, don tana nuna wani ya zauna ya rage shi da gangan har ya kai wani awo.

Da yawa daga abin da ake kawowa ma ba na sikeli ba ne. A bakin Logon da Shari da Binuwai, da madatsun Lagdo da Maga, dalmar masunta ce ta fi yawa: doguwa da rami daga baki zuwa baki, ko falle da aka naɗe a kan igiya aka matse, nauyinta kuma ba ya bin wata ƙa'ida, ka sami goma babu biyu da suka yi daidai. Kafin dalma ta yi araha da gasasshen yumɓu ake yin su, wasu kamar ƙwallon goruba da rami ko da tsagi a kewaye. Gululun mazari shi ma yumɓu ne, amma raminsa a tsakiya yake cif, ya fi faɗi ta gefe ɗaya don ya kama itacen, kuma in ka zura tsinke ka murza zai juya ba rawa, nauyin taru kuwa sai ya yi ta layi. Ƙarfen da magina ke ratayawa a zare don miƙe bango yana da tsini a ƙasa da ɗan rami a tsakiyar sama. Na agogon bango dogo ne mai santsi da ƙugiya, sau da yawa bututun tagulla ne da aka cika da dalma ko ƙarfe, shi ya sa gwajin ruwa ke ba shi lambar da ba ta kowane ƙarfe ba.

Abin yumɓu da ya fito daga tuddan tsofaffin garuruwan Sao, wata al'ummar da ta zauna nan a zamanin da, a ƙasar Kotoko da kewayen Injamena, maganarsa daban ce. Waɗannan wurare ne da masu binciken tarihi irin su Marcel Griaule da Jean-Paul Lebeuf suka yi ta haƙawa tun shekarun 1930, kuma kayan cikinsu na ƙasa ne, ba na wanda ya tsinta ba. Abin da ruwa ya tono ka gani a fili, ka ɗauki hotonsa a inda yake, ka rubuta wurin, ka kai labari gidan tarihi na ƙasa a Injamena ko ofishin al'adu na yankinka. Haƙa da kanka ɓarna ce, don rabin bayanin abin yana cikin zurfin da yake da abin da ke kusa da shi.

Sai jita-jitar nan ta cewa ƙarfen Jamus yana da zinariya ko wani jan ruwa mai tsada a ciki. Saboda ita an yanka duwatsun sikeli da yawa da injin yankan ƙarfe. Gwajin ruwa ya riga ya amsa: zinariya 19.3 take bayarwa, da tana ciki da lambar ta yi sama. Abin da ke ciki dalma ce ko iska. Kuɗin irin waɗannan duwatsu ma ba yawa gare shi ba, an zuba su dubbai, sai dai cikakken jeri a akwatinsa na katako ko mai hatimin da ke karantuwa sarai.

Wanki kuwa, mafi ƙarancinsa ya fi. Baƙin ƙarfe a jiƙa shi a kananzir kwana biyu ko uku, a ɓanɓare tsatsar da ta saki da tsinken itace, a goge, a bar shi a rana ya ɗau zafi, a shafa kakin zuma siriri, irin wanda ake samu a kasuwar Ngaundere. Burushin waya da takardar yashi suna share hatimin dalma a shafa ɗaya. Ruwan batir yana cin ƙarfen da kansa, nauyin da aka auna jiya ya canza. Tagulla ruwa da sabulu sun ishe ta, a bushe ta sosai. Lemon tsami da binega suna tsotse tutiyar da ke cikinta su bar ta da jan tabo da ba ya gyaruwa. Koren da ya kama jiki ya yi tauri a bar shi, kariya ne. Wanda ke fitowa gari-gari, kore mai haske, yana dawowa bayan an goge, shi ne ciwo, kuma danshi ke ciyar da shi: a ware dutsen daga sauran, a kankare garin da tsinke, a ajiye a busasshen wuri, ba a ƙasan ɗaki ba lokacin damina. Farin garin da ke kan dalma guba ne, kada a hura, kada a bar yara su yi wasa da shi, a wanke hannu kafin a ci abinci.

In duk wannan bai warware ba, a ɗauki hoto uku da rula a gefe, sama da gefe da gindi, a rubuta nauyi da tsawo da faɗi da wurin da aka same shi da zurfinsa, a ɗaura takardar a jikin zoben da zare. Sannan a kai shi wurin waɗanda suka yi aiki da irinsa: tsofaffin mahauta ga na sikelin sanda, tsofaffin ma'aikatan kasuwar auduga ga mai tsaga, maƙeran azurfa ga ƙananan tagulla, masunta ga dalma da yumɓu. A gaishe su, a miƙa musu abin a hannu ba tare da an faɗi zato ba, don wanda aka ce masa "Baba, ba na Jamus ba ne wannan?" yakan amsa da e saboda kara.